Ƙamshi Babu Hayaƙi

Tun ranar da na sa ƙafa a gidan nan na Magariya hancina ya gaya mini akwai magana. Ni ce Sa'a ta Dogo-Dogo, kuma duk wanda ya san ni a wancan zamani ya san ba a rufe mini abu da faifai. Ni na goyi ƙanena Alkasim. Uwarmu ta rasu yana rarrafe, ni na tauna masa tuwo, ni na cire masa ƙaya, ni na yi kuka har muryata ta dushe ranar da aka kwashe su soja zuwa yaƙin Turawa. Shekara biyar ko labarinsa ba mu ji ba. Da ya dawo, kumandan, Baturen da ke mulkin Magariya, ya ba shi aikin planto, wato mai kai takardun biro, ofishinsu ke nan, da keke da jar hula. Sai ya auri wata Babarbariya, Falmata, ɗiyar masu sayar da turare, ya yi zamansa can.

Sallah biyu bai zo gida ba. Ina cikin wannan takaicin sai wani mai jakan gyaɗa ya ce mini, "Sa'a, na ga ƙanenki a Magariya. In ba don jar hular ba, da ban gane shi ba." Ban ƙara tambayarsa komai ba. Na ɗaura wa jakina akumari, na bi fatake, kwana biyu ina hanya.

Na same shi zaune a gindin darbejiya, wuyansa ya yi tsawo, riga tana lilo a jikinsa. Ya miƙe zai tarbe ni, sai na ga ya dafa itacen tukuna.

"Kasimu, me ya cinye ka haka?"

"Aiki ne, Yaya. Kullum muna kan hanya."

"Wane aiki? Takarda ce ke da nauyi?"

Ya yi ƴar dariya, ya katse ta a tsakiya, ya kau da kai. Matar ta fito ta durƙusa har ƙasa, ƴar ƙarama, baƙa, da tsagenta na Barebari, magana ƙasa-ƙasa. Ta kawo ruwa, ta kawo fura. Ban ga laifin ladabinta ba, amma ni ladabi mai yawa tsoro yake ba ni.

Da ta kai ni ɗakinta in gani, sai ƙamshi ya tare ni tun daga bakin ƙofa: sandal, kajiji, da wani abu mai sanyi da ban san sunansa ba. Na ɗaga kai na dubi rufin ɗakin, fari tas, ko ɗigon baƙi babu. Na dubi kusurwa, ba kasko mai ci. To, jama'a, ina aka taɓa ganin Babarbariya babu hayaƙin turare? Su da ko zanen wanka sai sun turara? Ƙamshi ya cika ɗaki, amma ba a ƙona komai ba. Na dai ajiye abin a raina.

Kashegari na ga madafarta. Kowace mace murhunta na tsakar gida, tana girki tana hira. Ita nata yana can bayan rumbu, jikin danga, inda ba mai ganin abin da take jefawa a tukunya. Kuma ba ta hura wuta sai Kasimu ya hau keke ya tafi, kafin ya dawo ta kashe ta murus.

A rana ta uku, da la'asar, sauro ya dame ni, don lokacin kaka ne, tabkuna ba su ƙafe ba. Na tattaro busasshen kashin shanu na hura a bakin ɗakin da aka sauke ni, kamar yadda muke yi a gida tun kaka da kakanni. Hayaƙi bai gama tashi ba sai ga ta da gudu, da tulu, ta juye ruwan nan kaf a kan wutata. Har zanena ya jiƙe.

"Yi haƙuri, Yaya. Ba a hura wuta a wannan gefen."

"Ke Falmata! A gidan ƙanena?"

"Haka maigida yake so."

Na juya wurinsa. Yana can nesa, bakin zaure, ya sa hannun riga a hanci. Na ce, "Ka ga abin da matarka ta yi mini?" Ya ce, "Yaya, ki bar ta kawai." Yaron da in na yi tari a Dogo-Dogo yake zabura, shi ne yau aka jiƙa ni a gabansa yana cewa in bar ta. Wallahi ranar ko tuwo ban ci ba, baƙin ciki ya ƙosar da ni.

Maƙwabciyarsu Ƙande, mai ƙuli-ƙuli, danga ɗaya ta raba su. Ita Ƙande duk maganar da za ta yi sai ta fara da cewa ba ta son gulma. Da safe ina shanya zanena ta leƙo.

"Ni ba na son gulma, Sa'a, amma Allah ne ya kawo ki. Ki zo gefena da hantsi, bayan ya fita. Akwai ɓula a dangar nan daidai murhunta. Jiya na ga ya shigo da ƙullin nan, yau za ta yi aikin."

"Wane ƙulli?"

"Daga gidan kumandan yake ɗauko mata. Da hannunsa yake kawo abin da ake gama shi da shi, bawan Allah."

Da hantsi na ce zan je sayen ƙuli, na zagaya, na durƙusa na sa ido a ɓular. Yanzu kada ku yi mini dariya. Ku kun tashi kun ga buji a kowane tebur, abin da mutanen Kano ke ce wa kyandir. Mu a Dogo-Dogo fitilar man gyaɗa muka sani da wutar kara. Ni ban taɓa ganin buji ba, balle guntunsa da ya ci ya rage.

Ta kwance ƙyalle, sai ga wasu ƴan dunƙule-dunƙule farare fat, gajeru, wasu sun karkace, wasu da alamar sun yi hawaye sun daskare. Na ce wa Ƙande a kunne, "Kitse ne?" Ta ce, "Kin taɓa ganin kitsen dabbar halal ya yi wannan fari?" Na ƙara manna ido a ɓular. Falmata ta ɗauki wuƙa tana tsaga su ɗaya bayan ɗaya, kuma daga cikin kowanne sai ta zaro wani ɗan zare mai baƙin kai ta ajiye gefe. Zare a cikin kitse! Ta zuba fararen a gwangwani, ba ta ɗora gwangwanin a wuta ba, sai ta tsoma shi cikin tukunyar ruwan zafi, tana juyawa da tsinke har suka narke suka koma kamar ruwa. Ta tace da ƙyalle. Ta barbaɗa wani jan gari, ta ɗiga wani abu daga ƴar kwalba, bakinta yana motsi da Barbarci.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne faifan. Ta jawo faifai cike da jiƙaƙƙen rairayi, ta shafe shi sumul da tafin hannu, ta shiga danna babban yatsa tana yin ramuka, layi-layi. Duk wanda ya taɓa zama gaban mai duba ya san bugun ƙasa in ya gan shi. Ƙande ta mintsine ni. Sannan ta tsiyaya narkakken abin nan cikin ramukan, ta rufe da wani faifan. Da ta gama, ta tattara zaren nan masu baƙin kai, ta waiga, ta tona rami da wuƙa a bakin madafa, ta binne, ta taka da dunduniya.

Na ce, "Innalillahi. Biri ya yi kama da mutum."

Ƙande ta ce, "Ni dai ban ce komai ba. Da idonki kika gani."

Don kada a ce ban bincika ba, na bincika. Da azahar na shiga ɗakinta tana shirya masa shimfiɗa. Ta kawo wani ɗan kasko da toka mai zafi, garwashin ciki ya riga ya cinye ya lafa, ta ɗora tsingaro a kai, ta ajiye ɗaya daga cikin dunƙulen nan, yanzu ya zama ja-ja, girman ƙwallon dabino. Ya fara narkewa, ƙamshi ya tashi.

"Mene ne wannan?"

"Turare ne, Yaya."

"Turaren da ba a sa masa wuta?"

"Ɗumi kawai yake so. Kakin buji ne, da sandal da kajiji da ɗan humra. In kina so in ba ki ki tafi da shi gida."

Gaskiya ta gaya mini, tsirararta, ba ta rage ko ɗaya ba. Ni kuwa na ce a raina, ji makira, ni ma so take ta haɗa da ni. Na ce, "Allah ya kiyashe ni," na fita. Ina kallo Kasimu ya dawo daga biro yana tura keken da hannu maimakon ya hau, ko gaisawar kirki ba mu yi ba ya faɗa ɗakin nan, ya kwanta kusa da kaskon yana jan ƙamshin nan a hankali kamar mai shan ruwa.

Na tare shi da yamma na ce ya nemi izini mu je gida ko na wata ɗaya ne, a yi masa magani. Ya ce ba zai iya barin aiki ba. Na ce to ya zo shi kaɗai, kwana bakwai. Ya ce, "Ba na iya tafiya ba tare da ita ba, Yaya." Ban nuna masa zaren ba, ko da yake na riga na tono su suna ƙulle a bakin zanena. Ƙande ta gargaɗe ni cewa wanda aka mallake, duk abin da ka gaya masa kunnen matar ka gaya wa.

Ranar kasuwa Ƙande ta kai ni wurin wani mai magani da ke zuwa daga Mallawa, yana baza saiwoyi a kan buzu. Ya karɓi zaren, ya shinshina, ya girgiza kai.

"Nawa kika tono?"

Na ce sun cika tafin hannu.

"Kin zo a kan gaɓa. Da kin ƙara wata guda, da ko sunanki ba zai tuna ba."

Ya ƙulla mini barkono, da tafarnuwa, da kankararren ƙaho, da wasu ɓawon itatuwa. Ya ce in haɗa da zaren da duk dunƙulen da na samu, in zuba a garwashi, in rufe shi a ɗaki da hayaƙin. Sannan ya ɗaga yatsa. "Zai yi tari, zai yi ihu, zai kira sunanki, zai roƙe ki da Allah. Ba shi ne ke magana ba, abin da ke jikinsa ne. Wadda ta buɗe ƙofa a lokacin ta ɓata aiki. Ki riƙe har sai kin ji shiru."

Ni da na yi wa yara hayaƙin mayu ba sau ɗaya ba, wannan bai zame mini baƙon abu ba. Na ce masa hannuna ba ya rawa.

Ranar Lahadi ba a buɗe biro. Falmata ta tafi suna gidan wata ƴar uwarta a bayan kasuwa, ta ce mini, "Yaya, ga fura nan a rufe, in ya tashi ki ba shi." Bayan azahar ya shiga ya kwanta. Na jira har na ji numfashinsa ya daidaita, da ɗan ƙugi a ciki wanda na ɗauka minshari ne. Na laluba ƙarƙashin gado na jawo kwallar da take ajiye dunƙulen, cike take, aikin watanni. Ƙande ta miƙo mini babban kasko ta kan danga, garwashi ja wur. Na shiga da sanɗa na ajiye a tsakiyar ɗaki, na zuba ƙullin mai magani, na zuba zaren, na juye kwallar nan duka. Wuta ta yi bal, sannan wani baƙin hayaƙi ya murtuke, ni kaina sai da ya shaƙe ni. Na fito na jawo ƙyauren, na toshe ƙasansa da tsumma, na sa bayana na tokare.

Tari ya fara. Na ce alhamdulillahi, ya kama.

Na ji ya faɗo daga gado. Na ji yana jan jiki, ya iso ƙofar, ya tura. Da can Kasimu da hannu ɗaya yake ɗaga buhun gero, amma turawar nan ko motsa ni ba ta yi ba.

"Wane ne? Buɗe... Falmata..."

"Ni ce, Kasimu. Daure, ɗan uwana, yanzu za ka rabu da shi."

"Yaya? Yaya, buɗe... don Allah... ƙirjina..."

Ƙande daga kan danga tana cewa, "Riƙe, Sa'a! Kin ji shi ko? Kamar yadda mutumin ya faɗa!" Hawaye na zuba a fuskata, ina karanta duk abin da na iya, ina ƙara danna ƙafa a ƙasa. Yana kiran sunan da yake kirana da shi yana ƙarami, Yayata, Yayata, yana kankarar ƙyauren da farce. Na riƙe. Allah ya gani, da ƙauna na riƙe ƙofar nan, kuma har yau bayana yana jin wannan kankarar. Can muryar ta koma wani irin shaƙuwa, sannan ta ɗauke.

Ashe daga bakin kasuwa Falmata ta hango hayaƙi a saman gidanta. Ban ji shigowarta ba. Na dai ji an fizge ni an yar, ni da na ninka ta biyu, na faɗi a kan turmi. Ta banke ƙyauren, ta shiga cikin baƙin nan, ta jawo shi ta hammata zuwa tsakar gida. Idonsa ya juye, leɓensa ya yi shuɗi, jini da kumfa a gefen bakinsa. Ta ɗaga kansa ta jingina a ƙirjinta, tana fifita da ɗankwalinta, tana kiran maza su je su kira likita.

Na tashi ina cewa, "Asirinki ne ke fita! Na tono zarenki, na ga bugun ƙasarki!"

Ta ɗago ta dube ni. Tun zuwana ba ta taɓa haɗa ido da ni ba sai ranar.

"Huhunsa ne, Yaya. Huhu! Shekara biyu yana tsare a hannun abokan gaba, suna sa su haƙar gawayin dutse a ƙarƙashin ƙasa, cikin sanyi. Rabin ƙirji ya dawo da shi. Hayaƙin ashana kaɗai yana hana shi numfashi yini guda. Don me kike tsammani na kai murhuna bayan rumbu? Don me na kashe miki wuta?"

"To me ya hana ku faɗa mini?"

"Shi ya hana! In aka ji a biro, za a karɓe keken a ba wani. Kuma ya ce, kada ki gaya wa Yaya, in ta ji za ta ce sammu ne, ta kai ni wurin masu hayaƙi."

Na waiga wajen danga. Ƙande ta sauka tuni, sai ƙarar turminta nake ji.

Likita ya zo, ya sa abin sauraronsa a ƙirjin, ya daɗe, ya tambayi wanda ya yi wannan aiki. Falmata ta ce tsautsayi ne, kasko ya kama. Bayan kwana biyu aka aiko gardi, ɗan sandan kumandan, ya tafi da keken da jar hular. Ɗakin kuwa ba ya shiguwa, barkono ya kama bango da katifa, sai muka yi wa Kasimu rumfa a gindin darbejiya. Ba ya iya kwanciya, a jingine yake wuni, kowane numfashi sai ya yi kokawa da shi.

Da zagina ya yi, da na samu sauƙi. A rana ta huɗu ya buɗe ido ya gan ni a rakuɓe can gefe, ya yafuto ni.

"Yaya, daina kukan nan. Na san don ni kika yi."

Na sunkuyar da kai. Ya juya wurin matarsa ya ce, da ƙyar, "Ɗan turaren nan fa? Warin ramin nan ya dawo mini."

Sai a lokacin na ji sauran labarin. Tun da ya dawo, warin ramin da aka tsare su yake ji a hancinsa, in ya rufe ido sai ya ga kamar yana can, barci ya gagara. Ƙamshin ɗakin uwar Falmata ne ya fara sa shi barci, amma hayaƙin ya kusa kashe shi. Ita ce ta zauna ta yi ta gwaji, da man shanu, da man kaɗe, duk suna ƙauri, har ranar da ya kawo mata guntun buji ta ga yadda yake narkewa ba ya wari.

Falmata ta ce masa, "Babu saura." Ba ta ko dube ni ba.

Na yafa gyalena na fita. Ni Sa'a, da ko gishiri ban taɓa roƙa a maƙwabta ba, na tambayi hanya har ƙofar baya ta gidan kumandan, inda ake zubar da shara. Gardi ya kore ni sau biyu, na koma na tsuguna a rana. Da azahar wani dattijo mai farin bante a kan riga ya fito zubar da ruwan wanke-wanke. Shi ne Tamu, kukun gidan. Na ce ni yayar Alkasim planto ce, guntayen buji nake roƙo.

Ya dube ni tun daga sama har ƙasa. Labari ya riga ni isowa.

"Ke ce mai hayaƙin?"

"Ni ce, Baba."

Ya shiga, ya fito da gwangwani. "Madam, matar kumandan, ba ta son buji in ya gaza tsawon yatsa, sai ta ce a zubar. Ni nake tara masa." Ya ɗauki ɗaya, ya ƙyasta ashana, ya kunna ɗan zaren nan mai baƙin kai, a tsakiyar rana, ya riƙe mini a gaban fuska. "Kin gani? Lagwani ne. Fitila ce kawai, baiwar Allah." Ya hure, ya jefa cikin gwangwanin ya miƙo mini. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na gode mata.

Da na dawo na ajiye gwangwanin a gaban Falmata a bayan rumbu. Ta dube shi, ta dube ni, ta miƙo mini wuƙa. Na zauna ina tsagawa ina zare lagwani, ita tana hura wuta. Ta nuna mini yadda ake tsoma gwangwani a ruwan zafi, don in aka ɗora shi kai tsaye kakin kamawa yake yi da wuta. Ta ce garin sandal sai an sauke ake zubawa, humra kuma daga ƙarshe, in ba haka ba zafi ya cinye ƙamshin. Abin da na ga bakinta yana yi kuwa waƙar daka ce ta garinsu, da ita take auna lokacin juyawa. Ta turo mini faifan rairayi.

"Danna, Yaya. Kada ya yi zurfi."

Na danna. Yatsana ya fi nata kauri, ramukana suka fito manya. Da muka gama na tattara lagwanin a hannu, na tambaye ta, murya ƙasa, don me take binne su.

"Kaji ke haɗiyewa. Na yi asarar kaza biyu."

Na tona rami da wuƙar, na binne, na taka da dunduniya.

Da la'asar muka ɗora ɗaya a kan tsingaro kusa da kansa. Ya narke a hankali. Na ga hancinsa ya motsa, kafaɗunsa suka sauka, ya dubi dunƙulen da suka rage a faifai ya ce, "Waɗannan manyan na Yaya ne." Ya yi barci har magariba, barcinsa na farko tun ranar Lahadi. Na zauna ina kore masa ƙuda, ina ce wa kaina wataƙila Allah zai dube ni.

Kwana tara ya ƙara. A rana ta goma da hantsi, kansa a cinyar Falmata, ƙafafunsa a tawa, ya ja numfashi ɗaya bai mayar ba.

Ba wanda ya ce ni na kashe shi. Liman ya ce kwana ne ya ƙare, likita ya ce ciwon ya daɗe yana cinsa. Ni dai na san mutumin da na tarar yana tura kekensa zuwa aiki, na kuma san wanda aka jawo daga ɗakin nan.

Aka yi masa wanka, aka kawo likkafani. Sai ga matan unguwa sun shigo da kasko, an zuba turaren wuta, hayaƙi na tashi, za a turara likkafanin kamar yadda ake yi wa kowane mamaci. Ƙande ce ke riƙe da kaskon. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na fizge shi daga hannunta, garwashi ya zubo mini a ƙafa ban ji ba, na kai shi bayan rumbu na juye masa tulu guda.

"Sa'a, kin haukace? Al'ada ce!"

"Ba mai ƙara yi wa Kasimu hayaƙi. Wadda ta isa ta zo ta gwada."

Tsofaffi suka yi ta salati. Falmata ta tashi, ta kawo toka mai ɗumi da tsingaro, ta ɗora dunƙule uku da suka rage. Muka kama likkafanin, ita gefe ɗaya ni gefe ɗaya, muka shimfiɗa shi a sama muka riƙe har ƙamshin ya shiga zaren. A cikinsa aka naɗe shi.

Ana fita da makara na ji muryar Ƙande a bayana, tana raɗa wa wata, "Ni ba na son gulma, amma kin gani ko? Ta gama da ƙanen, yanzu ta shanye yayar. Ran nan da idona na ga Sa'a tana binne baƙin zare."

Na juya. Matan suka yi tsit, don sun san bakina. Na buɗe shi kuma zan wanke ta tas, sai na ga yadda ta ƙanƙance ido tana kallona, ta tabbata, ba ta da ko ɗigon shakka. Na san wannan kallon, da shi na shigo gidan. Na rufe bakina, na koma na zauna kusa da Falmata a kan tabarmar takaba, na jawo ƙafata da ta ƙone na rufe da zane.